Namijin Kanya a Ƙofar Gidan Baba Tsoho

Igiya na fara gani. Shuɗiya ce, ta roba, an ɗaure ta tamau a jikin wani kututture, ɗaya bakin nata yana riƙe da ƙafar rumfar da aka kafa wa masu zaman makoki. Na tsaya da jakata a hannu ina mamakin inda aka samo kututture a ƙofar gidanmu na Dutse Alhaji a Abuja. Sai da na ga katanga tsirara, rana na dukanta daga sama har ƙasa, sannan na gane kanyar Baba Tsoho ce aka sare.

Baba Tsoho kakana ne, mahaifin Abba. Ranar Litinin ya rasu. Ina makarantar kwana a hanyar Abaji, muna tsakiyar jarrabawa, aka ce kada a faɗa mini. Sai ranar Laraba, ranar addu'ar uku, Umma ta je ta ɗauko ni, makaranta ta ba ni izini zuwa Lahadi. Ban ga fitarsa ba. Ban kuma ga faɗuwar kanyarsa ba.

A ƙarƙashin rumfar akwai mutane cike da kujerun roba, yawancinsu abokan aikin Baffa ne, babban wan Abba, wanda yake darakta a wata ma'aikatar tarayya. Motocinsu sun toshe layin har masu babur suna zagayawa ta bayan masallaci. Na durƙusa na gaishe su, na wuce kaina a ƙasa, amma kunnena yana jin abin da suke cewa. Wani ya ce marigayin mutum ne mai haƙuri. Wani ya ce bai taɓa jin an ce ya yi faɗa da kowa ba. Wanda ya faɗi hakan na tabbata bai taɓa ganinsa ba, domin da ya tashi tafiya sai da ya tambayi sunan marigayin, zai rubuta a wayarsa.

A cikin gida ma haka. Gwaggo, ƙanwar Abba, tana zaune tsakiyar mata idanunta sun kumbura, tana faɗa wa duk wadda ta shigo cewa babansu ko ɗaga murya bai iya ba. Matan suna cewa Allah sarki, halinsa na gari ya bi shi. Na zauna kusa da ƙofa ina kallon yatsun ƙafata. Baba Tsoho kullum sai ya ɗaga murya. Yana ɗaga wa masu kawo wuta, yana ɗaga wa akuyar layi, yana ɗaga wa rediyo in ta faɗi abin da bai yarda da shi ba. Na ji kamar wani tsoho daban suke yi wa kuka, mai sanyi, wanda ba ya damun kowa, nawa kuma an tura shi bayan gida tare da rassan kanyarsa.

Mutum ɗaya na gani ya kalli kututturen. Wani tsohon direba ne da suke sallah sahu ɗaya da Baba Tsoho. Ya tsaya a kansa ya daɗe, ya taɓa wurin saran da ƙasan sandarsa, ya ce Allah ya jiƙan mai ita, ya tafi bai ko karɓi ruwa ba.

Umma ce ta faɗa mini yadda aka yi. Masu rumfa sun zo ranar Talata suka ce wurin ya yi kaɗan, Baffa yana kan waya ya nuna kanyar da hannu, cikin 'yan mintuna aka gama da ita. Da yamma kuma na ji da kunnena, Baffa yana tsaye a zaure yana magana da wani da yake kira oga: ranar Litinin, washegarin addu'ar bakwai, a zo a tone kututturen, a zuba baƙin mai a ramin don kada saiwar ta sake tsirowa, a shimfiɗa intalok, bulon nan na daɓe ƙasa, tun daga ƙofa har bakin kwata, kafin arba'in baƙi su samu wurin ajiye mota.

Kwana huɗu ke nan suka rage wa kututturen, ni ma kwana huɗu suka rage mini a gida. A cikinsu na fara rubuta wannan, a bayan littafina na bayoloji, don in ba a bar komai nasa ba, a bar yadda yake.

Baba Tsoho masassaƙi ne. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya zo Abuja lokacin da ake ta gine-gine, ya yi leburanci, ya yi aikin katako, daga baya ya koma sana'ar gidansu, yana sassaƙa ƙota da muciya da taɓarya a ƙofar gida. Shekarar da mahaifiyarsa ta rasu ya je gida, ya dawo da ƙwallayen kanya a aljihun rigarsa, daga bishiyar da ke bayan ɗakinta. Ya shuka da yawa, biyu suka fito. Ya bar ɗaya a ƙofar gida, ɗayar ya ba maƙwabciyarmu, Maman 'yan biyu, wadda ita da mijinta suka zo daga Filato suka yi gini jikin katangarmu. Duk wannan kafin a haife ni ne. Shi ya ba ni labarin, guntu-guntu, ba don na tambaya ba, sai don ni kaɗai ce nake zama kusa da shi in yi shiru.

Hajiya Shiru yake kirana. In na zo hutu ya gan ni a bakin ƙofa sai ya ce wa duk wanda ke wurin ga matarsa ta dawo, wadda ya aura shekara goma sha biyar bai san muryarta ba. In ya ga na ji kunya sai ya ƙara, ya ce wai ni da magen gidan uwarmu ɗaya, kallo kawai muka iya. Sannan ya tura mini ƙaramar kujera da ƙafa.

Kanya a daji babbar bishiya ce, amma tasa bai bar ta ta girma ba. Akwai wayar lantarki a sama, akwai katanga a gefe, saboda haka kullum cikin aske mata kai yake, har ta zama dunƙulalliya mai rassa da yawa tun daga ƙasa, tsayinta kaɗan ya wuce katangar. Rassa uku kawai yake bari su miƙe ta baya, ba ya taɓa su. Ba ta zubar da ganye gaba ɗaya ko a tsakiyar rani. Lokacin da ciyawar layin ta ƙone, filawoyin gidajen masu hali suka langaɓe duk da ruwan da ake ba su, ita tana nan kore shar har da duhu-duhu, kuma ban taɓa ganin ya zuba mata ko kofi ɗaya ba. Ya ce in ka saba mata da ruwa ka lalata ta. Sabon ganyenta ja yake fitowa, mai laushi kamar kunnen jariri, sai daga baya ya yi kauri ya koma kore.

Da safe, bayan ya dawo daga masallaci, yake yankar asuwaki. Yana da wata 'yar wuƙa da ta siranta saboda wasawa, ba ya ba kowa aro. Sai ya zagaya kanyar sau biyu yana dubawa kafin ya zaɓi reshe mai kaurin ɗan yatsa. A karkace yake yankawa, sara ɗaya, don kada ruwa ya kwanta a wurin ya ruɓe, sannan ya danƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shafe bakin yankan. Ba ya yanka daga reshe ɗaya sau biyu a jere. Duk wanda ya zo wucewa ya miƙa hannu ya karya da kansa, ranar sai layin gaba ɗaya ya ji. Na taɓa ganin ya bi wani babban mutum mai babbar riga har bakin titi yana tambayarsa ko shi in za a yanke masa farce fizga ake yi.

Asuwakin kanya da ɗaci yake farawa, sannan bauri ya ɗaure maka baki, daga baya ka ji haƙoranka sun yi sumul. Ni da buroshina nake zuwa hutu, shi kuma ya ƙi jinin ganinsa. Ya ce abu ɗaya wata uku a baki, a ajiye shi a banɗaki, a kuma kira shi tsabta. Ya rasu da haƙoransa, guda biyu kawai ya rasa, su ma gizago ne ya kuɓuce ya same shi.

In wani ya yi zazzaɓi a layin, ana zuwa a roƙi ganye, a tafasa a yi surace a yi wanka. In dasashi na jini ko ciki ya ɓaci, sassaƙen ɓawon ake jiƙawa. Yana bayarwa, amma da faɗa. Sai ya tambayi kwana nawa ciwon ya yi, in aka ce uku ya ce to shi ba likita ba ne, a ɗauki yaron a kai asibiti, ganye ba ya gwada jini. Wata mata ta taɓa cewa ta fi yarda da ganyensa, ya karɓe ganyen daga hannunta, ya ce sai ta kawo masa katin asibiti ya gani.

Wani hutun ƙarshen shekara ya kira ni bayan gida, ya nuna mini sanduna biyu, ɗaya ta kanya, ɗaya ta itacen malaina. Ya binne su gefe da gefe kusa da wani gidan gara, bai ce mini komai ba. Na koma makaranta na manta. Da na dawo hutu na gaba, ko jakata ban ajiye ba ya miƙo mini fartanya. Ta malainar ta zama kamar soso, tana marmashewa a hannuna. Ta kanyar ƙasa kawai ta manne mata. Ya karɓa ya goge a jikin wandonsa, ya fasa ta da gizago ya nuna mini cikinta, inda wani baƙin layi ya ratsa tsakiya. Ya ce in bishiyar ta tsufa sosai, zuciyarta duk haka take komawa, baƙa ƙirin, mai nauyi kamar ƙarfe. Daga nan ya ce in je in ci abinci. Haka yake koyarwa. Ba ya bayani, sai ya sa abu a gabanka ya tafi.

Muciyar da ake tuƙa tuwon masu makoki da ita a kwanakin nan ta kanya ce, shi ya sassaƙa wa kakata tun tana raye. Na ga Gwaggo ta ɗaga ta tana cewa kayan da sun fi na yanzu ƙarko, ko a wace kasuwa aka sayo ta. Na buɗe baki, wata ta ce in miƙo mata gishiri, na miƙa.

Faɗansu da Baffa a gabana aka yi, shekara biyu da suka wuce. Baffa ya zo da sabuwar mota, ya matsa jikin katanga don ya ba wani hanya, reshe ya ja masa layi a ƙofar motar. Ya fito yana shafa wurin. Bai yi tsawa ba, Baffa ba ya tsawa, a hankali yake magana kamar yana mitin. Ya ce wa Baba Tsoho shekara talatin ke nan ana fama da wannan itacen, bai taɓa yin ɗa ko ɗaya ba, ga sauro, ga tsoron maciji, a bari ya turo masu filawa su cire shi su dasa abin da zai ƙawata gidan.

Baba Tsoho yana zaune yana feƙe ƙota. Bai ɗago ba ya ce, "Kai shekara nawa na yi ina ba ka tuwo kafin ka yi ɗa?"

Baffa ya ce ba wannan ake magana ba.

"To ka ajiye motarka a titi. Ita ta riga ta zuwa."

Baffa ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya shiga ya gaida mutanen gida, ya tafi. Ya yi wata uku yana aiko direba da kayan abinci, shi bai zo ba. Baba Tsoho kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin ɗansa da ya yi karatu har ya fi ƙarfin inuwa. Ba zan ce Baffa mugu ba ne. Shi ya sake rufin gidan, shi ya yi ta jigilar asibiti, shi ya kwana a kan kujera kusa da gadon Baba Tsoho a makonsa na ƙarshe. Kuma Baba Tsoho yana da nasa laifin, domin amsar tana bakinsa ya ƙi faɗa.

Amsar ita ce, tasa namijin kanya ce. Kanya kamar gwanda take ko dabino, akwai mace akwai namiji. Ƙwallayen nan biyu da suka fito, ta ƙofar gidanmu ta zama namiji, ta Maman 'yan biyu ta zama mace. Gab da damina rassan nan uku da ba ya taɓawa suke fitar da ƙananan furanni masu launin madara, cunkus-cunkus, masu ƙamshi da safe, ƙudan zuma su cika su, su tsallaka katanga. Ta maƙwabciyarmu furenta ɗai-ɗai yake fitowa, shi ne yake zama 'ya'ya. Ya ce da akwai wasu kanyoyin a jikin dutsen bayan unguwa, amma masu fasa dutse da masu gini sun gama da su, saura nasa kaɗai a kusa. Na tambayi malamar bayoloji a takarda, don ban iya tambaya a aji ba, ta rubuto mini cewa tsohon ya san abin da yake faɗa.

Duk lokacin sanyi Maman 'yan biyu takan shigo da kwano cike da kanya nunanniya, rawaya-rawaya, kowace da 'yar hularta a kai. Takan ajiye a gabansa ta ce ga rabon maigida. Shi kuma ya kasa kashi-kashi ya ƙulla a leda, a kai gidan kowane ɗa. Na Baffa ya fi yawa, don shi ya fi so tun yana yaro. Matar Baffa ta taɓa cewa a gaishe da Baba da ƙoƙari, har kasuwar Zuba yake aikawa a nemo musu kanya. Baba Tsoho ya ji, bai gyara mata ba. Da suka tafi na yi ƙarfin hali na ce me ya sa ba zai faɗa wa Baffa ba. Ya ce mutumin da yake cin abu shekara da shekaru bai taɓa tambayar daga ina ba, ba shi da buƙatar sani. In yana so ya tambaya.

Baffa bai tambaya ba. Shi kuma bai faɗa ba. Yanzu ga inda taurin kan biyu ya kai mu.

Sau ɗaya na san ya sare babban reshe daga jikinta. Lokacin da mijin Maman 'yan biyu ya rasu aka kai shi gida Filato, bayan shekara ta je ta tarar gara ta cinye gicciyen katakon da aka kafa a kabarinsa. Ta dawo tana ba Umma labari ta kan katanga tana kuka. Baba Tsoho yana jin su. Washegari ya zaɓi reshe mafi kauri, wanda ya yi shekaru yana ajiyarsa don taɓarya, ya sare, ya feƙe shi guda biyu, dogo da gajere, ya goge su har suna sheƙi. Ya kai mata da kansa, ya ce ta ba kafintansu ya haɗa yadda suke yi. Wasu a masallaci suka yi ƙorafi. Ya ce shi itace ya ba maƙwabciyarsa, kuma duk wanda yake da magana ya zo ya same shi a ƙofar gida, yana nan daga safe har la'asar. Ba wanda ya zo.

Ranar Alhamis na sami Abba shi kaɗai yana alwala. Na ce masa kututturen bai mutu ba, in aka bar shi zai tofo. Ya ce ya sani. Ya ce amma Yaya ya riga ya yanke magana, kuma bai dace ba tun ba a kwana bakwai da binne uba ba ƙane ya fara ja da wansa a kan itace. Ya dafa kaina da jiƙaƙƙen hannu ya ce in yi wa Baba addu'a, ita ce za ta amfane shi. Na san gaskiya ya faɗa. Amma addu'ar ba ta hana a bar kututture ba.

Ranar Juma'a na gwada Gwaggo. Ban ƙarasa ba ta ce ikon Allah, ana makokin mutum ni ina makokin itace, in tashi in wanke kofuna.

Ranar Asabar da hantsi na zagaya gidan Maman 'yan biyu. Tun ranar rasuwar take shigowa da kulolin abinci ta zauna a gefe, ba ta cika magana ba. Na same ta tana shanya a ƙarƙashin kanyarta, wadda ita an bar ta ta yi tsawo. Ta jawo reshe ta nuna mini. Furannin sun fara kumbura, ɗai-ɗai, a gindin ganye. Ta yi magana da Hausarta wadda ba ta bambanta mace da namiji.

"Ka gani? Ya fara. Amma bana babu miji."

Na ce ko za ta yi wa Baffa magana, ita babba ce, zai ji nauyinta. Ta girgiza kai. Ta ce ranar da ake saran tana tsaye a ƙofarta, ta ɗaga hannu, sai ta ga manyan mutane cike da wurin, ta sauke. "Ni maƙwabci ne, yarinya. Ba zan sa baki a maganan gidan mutane ba, ranan kuka kuma. Kai ne jikansa. Kai ne kana zama wurinsa kullum."

Na ce ni ban iya magana ba. Ta ce ta sani, duk layin an sani.

Daga nan na shiga ɗakin Baba Tsoho. An kwashe kayansa an tara a buhu, amma wuƙar tana inda yake ɓoye ta, a saman ƙofa. Lokacin da maza suka tafi sallar azahar na tsuguna gaban kututturen. Da adda suka sare shi, sara barkatai, duk bakin rassan ya tsattsage, wasu sun dare har ƙasa. Na bi waɗanda wuƙar za ta iya na gyara su a karkace, na kwaɓa ƙasa na shafe. Hannuna bai kai nasa ba, sai da na yi sara huɗu ko biyar a inda yake yin ɗaya. Na kankare ɓawon da farce ta ƙasa. Cikinsa ɗanye ne, da danshi. Babu tofo ko ɗaya, kuma na san ko ya tofo sai ya yi shekaru kafin ya sake fure. Amma da ransa. Gabas kuma ta fara haɗa hadari da yamma, ko da yake bai sauko ba.

Ranar Lahadi aka yi addu'ar bakwai. Aka raba waina, aka shafa fatiha, aka sake cewa marigayin mai haƙuri ne. Kafin azahar masu rumfa suka kwance kayansu, wata tifa ta zo ta juye yashi a bakin kwata, wani ya ajiye galan na baƙin mai a jikin katanga, taku biyu daga kututturen. Umma ta ce in ɗauko jakata, Abba zai mayar da ni kafin la'asar.

Baffa ya fito daga zaure yana sallama da mutane, direbansa ya riga ya buɗe masa ƙofa. Tun da nake, ban taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana da lafiya lau. Na ajiye jakar. Ƙafafuna suka kai ni gaban motar, na durƙusa a kan yashin da ya zube. Ya ɗauka sallama na zo yi, ya ce Allah ya yi albarka, a dage da karatu, ya sa ƙafa ɗaya a mota. Na ce Baffa. Bai ji ba. Na sake cewa, sai direban ya ce ranka ya daɗe, kamar magana take.

Ya juyo. Abba yana tsaye a bayansa, Gwaggo ta leƙo daga zaure da mayafi a hannu. Na kalli takalminsa na faɗa masa, a hargitse, na baya kafin na gaba. Na ce kanyar da ake kai masa duk shekara ba daga Zuba take ba, daga bayan katangar nan take. Na ce wannan namijin ne, shi ya sa ba ya 'ya'ya, kuma in babu shi waccan ma ba za ta yi ba. Na ce daga bayan ɗakin kakarsu Baba Tsoho ya kawo su a aljihu.

Gwaggo ta kira sunana a hankali, irin kiran da ke nufin in tashi. Baffa ya ɗaga mata hannu. Ya kalli kututturen, ya kalli saman katanga inda kanyar Maman 'yan biyu ta leƙo.

"Bai taɓa faɗa mini ba," ya ce. Ba da ni yake ba.

Sannan ya duba agogonsa, muryarsa ta koma irin ta ofis. Ya ce abin da ya faru ya riga ya faru, an sare, ba a mayarwa, kuma an riga an yi magana da ma'aikata, gobe da sassafe za su zo.

Na ce, "Baffa, ba mayarwa nake roƙo ba. A shimfiɗa intalok ɗin, amma a zagaye shi, a bar masa ko faɗin tabarmar sallah, kada a zuba man. Don Allah a ba shi damina ɗaya. In na dawo dogon hutu bai tofo ba, ni da kaina zan riƙe musu galan ɗin."